Fuskar Yayan Anas a Kaset

Sabon Gari, Gusau
Bayan ƙaramar salla, 1997

Zuwa ga taubashiyata Hafsatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara, da ƙafar nan taki mai kumburi. Mu nan lafiya lau, sai dai lafiyar da babu aiki cikinta. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san na yaƙi da jahilci ne, inda baƙi ya kwanta ki tada shi da kanki. Malam Yelwa direba zai kawo maki har Kakuri.

Kin dai ji an rufe masaƙa. Tun ina amarya jiniyar kamfanin nan ke tada ni, yanzu sai in farka in yi ta sauraro, shiru. Tandar waina na kife ta, wa zai saya? Masu sayen suna zaune gindin dalbejiya suna kallon juna.

Halirunki ya zo, kwanaki ya yi a zaurenmu da kyamararshi a kafaɗa. Ya gado ki wajen cin tuwo, ba ya barin ko ƙanzo. Shi ya ɗauki hoton ranar da ma'aikata suka fito. Hafsatu, da kin gani. Akokon da aka bari kan inji ba a ƙarasa ba suka jawo, suka miƙe shi tun daga ƙofar kamfani har bakin titi, kamar za a yi wa wani ƙato likkafani. Manoman auduga suka zo daga Tsafe da buhunan da ba mai saye. Mu mata muka fito da tukwane ba komi ciki muna bugawa. Da aka watso barkonon tsohuwa kowa ya yagi akoko ya naɗe fuska. Sai wani dogo ya hau kan duro, fuska a naɗe sai idanu, ya yi magana har masu gudu suka dawo suka tsaya. Kin san ko wane ne. Yayan Anas ɗina ne.

Da ya tsaya nan da sauƙi. Washegari Haliru ya zaunar da shi tsakar gidana, ya sa ya sake naɗa ƙyallen, ya kwance shi gaban kyamara, ya faɗi duk abin da ke cikinshi da fuskarshi a buɗe. Ni ina ɗaki, kin san ban zama inda yake.

To yanzu wasu mutane na yawo cikin mota marar lamba, suna tambayar masu shayi wane ne mai rawanin akoko. Sun ɗauki mutum biyu. Ɗaya ya dawo, daga zaune yake salla. Har yau ba wanda ya nuna yayan Anas, Allah shi saka wa mutanen unguwa. Na sa Anas ya raka shi rugar Kawu Jibo, can bayan Kekun Waje.

Kafin Haliru ya tafi na ce mashi ya cire wurin da fuskar ta fito. Ya yi dariya ya ce, Gwaggo, ai shi da kanshi ya yarda, wai in kowa ya ɓoye fuska wa zai yarda mutane ne aka kora ba injuna ba. Na ce ni ban san wanga ba. Ya ce zai duba. Maganar gwaggo ana iya dubawa, ta uwa ba a dubawa. Shi ya sa na rubuto maki. Ki ce mashi ya cire.

Taki,
Saude

*

Kakuri, Kaduna
Kafin babbar salla

Saude baiwar gidanmu,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta da gilashin maƙwabciya. Ƙafa da sauƙi. Rubutunki kuwa kamar kaji sun yi dambe a kan gari, amma na gane.

Tunda ke ba za ki faɗi sunansa ba ni bari in faɗa miki, Mas'udu. Allah ya tsare Mas'udu. Na ji tsoro da na karanta, don mu ma nan masaƙu sun fara rage mutane, mijin Juwairiyya yau a kira su gobe a ce su zauna gida.

Sai dai kin ɗora mini kaya, Saude. Kin manta nawa ma na fari ne? Yadda aka ɗauke miki Mas'udu daga yaye aka kai wa kakarsa Karakkai, haka aka ɗauke mini wannan aka kai Bunguɗu. Tun da na haife shi ban taɓa zama na yi magana mai tsawo da shi ba. In ya zo gaisuwa daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ni kuma in juya wajen bango ina gyaran abin da bai lalace ba. Ina kwana, lafiya lau, ya tashi. Mahaifinsa da zai iya kiransa ya tsawata masa ya riga mu gidan gaskiya. Yanzu ki ce in tsare shi in ce yi kaza, bari kaza. Da wane bakin?

Amma ba zan zauna ba. Yana Jos, can suke yanka fim ɗin suna haɗawa, wai kamar ɗinki. Zai zo salla. Juwairiyya ƙanwarsa ce, ba ta jin nauyinsa, har zaginsa take yi a kan nama. Zan zaunar da ita in faɗa mata komai ta isar masa, ta ce daga ni ne.

Ki gaida Lami matar Mas'udu. Kin ce mini komai ba ki ce mini tana da ciki ba, sai a bakin Yelwa na ji. Wannan kunyar taki har jika za ta shafa?

Uwar ɗakinki,
Hafsatu

*

Gusau
Farkon damina

Hafsatu,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Ruwa ya sauka, masu gona a ƙauye sun tafi, mu da muka sayar da tamu muka dawo birni saboda kamfani muna zaune muna kallon hadari.

Salla ta wuce da daɗewa ban ji daga gare ki ba. Kullum Yelwa ya shigo tasha sai in aika a tambaye shi, ya ce babu. Ya zo ko bai zo ba? An faɗa mashi ko ba a faɗa ba?

Kawu Jibo ya shigo gari da nono ranar Juma'a. Ya ce baƙon nasu bai iya komi ba. Sandar kiwo yana riƙe ta kamar sufana, ya je tatsa saniya ta watsa mashi ƙwarya a ƙirji, yaran ruga sun sa mashi suna Injiniyan Maraƙi. Kawu na ba da labari yana dariya, ni na fita na bar mashi ɗakin kada ya ga idona. Ya ce ya rame. Ya ce kullum yana zaune yana kallon hanyar Gusau, yana cewa shi ya tara mutane ya gudu ya bar su. Cikin Lami ya yi girma, ƙafafunta sun kumbura kamar naki. Ba ta magana, amma in na ji ta tana daka da ƙarfi na san da wa take.

Motar nan har yanzu tana zuwa. Shekaranjiya sun tsaya wajen mai faci suka saya mashi lemo, suka ce shi mai yawan jama'a ne, ya tuna masu murya. Ya ce shi kurma ne tun da injin ya cinye mashi kunne.

Batun Juwairiyya. Ban raina ta ba, amma yarinya ce, saƙo a bakin ƙanwa wasa ne. Don girman Allah ki yi da kanki. Ko ta bayan labule ne. Ko ki juya bangon naki ki faɗa wa bangon, shi yana ji. Na san abin da nake roƙo, ni ma in aka ce in yi ban san ta inda zan fara ba. Amma ni nawa ba kyamara ke hannunshi ba.

Saude

*

Kakuri
Tsakiyar damina

Saude,

Gaisuwa mai yawa. Ki yafe shirun, zazzaɓi ya kwantar da ni, kuma bai zo salla ba sai makon jiya.

Na yi niyyar yi da kaina, Allah ya sani. Ya durƙusa bakin ƙofa, na buɗe baki, abin da ya fito shi ne ya hanya. Ya ce lafiya. Sai na ce a kawo masa ruwa.

Amma Juwairiyya ta same shi a zaure, ni ina jikin bango ina ji. Ta ce Inna ta ce Gwaggo Saude ta kasa barci saboda hoton Yaya Mas'udu. Ya ce, ki ce wa Inna ta kwantar da hankalinta, na riga na gyara wurin, ba abin da zai sami Mas'udu ta dalilina. Da kunnena na ji. Yaron nan duk rashin jin sa ba ya ƙarya.

To kin ji. Ki kwantar da hankalinki, ki ci abinci, Yelwa ya ce kin zama kamar tsinken tsire. In kin mutu wa zan riƙa zagi?

Hafsatu

*

Gusau
Kaka ta kama

Hafsatu 'yar albarka,

Yau ba zagi, ko kin zage ni na yafe. Muna lafiya, lafiya ƙwarai.

Takardarki na sa Anas ya sake karanta mani don kada idona ya ruɗe ni. Tunda an gyara, na ce to mi ya rage? Su fuskar ba su sani ba, unguwa ba ta faɗa ba, motar ma ta kwana biyu ba a gan ta ba. Na aika wa Kawu Jibo na ce ya sako mashi hanya.

Ya dawo ana sauran kwanaki Lami ta sauka. Ya yi baƙi, wuya kamar na zalɓe, yana warin hayaƙin ruga. Ya durƙusa ƙofar ɗakina ya ce Inna na same ku lafiya. Na ce lafiya, a ba shi fura. Ban kalle shi ba, ƙafafunshi kawai na gani, duk kaushi.

Mace aka samu. An yi suna ba rago, akuya Kawu ya kawo, abokan aikinshi suka zo kowa da ɗan abin da ya samu, wani goro, wani sabulu rabi. Kin san sunan da ya sa a raɗa mata? Hafsatu. Ya ce wa Lami ya ji ke kika tsaya a kan maganarshi. To kin yi takwara, sai ki shirya zane, kada ki aiko mani da irin ragowar yadin nan naki mai zuba.

Ya samu ɗan abin yi. Akwai mai injin niƙa a Tsafe da ke kiranshi gyara ranar kasuwa, daga nan wasu ma suka fara kira. Ba yawa, amma ana ɗora tukunya. Na tada tanda ni ma, ina kaiwa tasha.

Ki gode wa Haliru. Ki ce gwaggonshi ta ce in ya zo tuwo har da ƙanzo.

Saude

*

Kakuri
Daren jiya aka nuna

Saude,

Ba doguwar gaisuwa. Da sauri nake rubutu. Ban sani ba ko Mas'udu na ruga har yanzu, rabona da takardarki tun farkon damina, in wata na hanya ba ta iso ba. In yana can ya zauna can. In ya dawo ki kore shi yau.

An nuna fim ɗin a zauren ƙungiyar ma'aikata. Mijin Juwairiyya ya ce mu je, na yafa mayafi na zauna baya cikin mata. Na ga akokon, na ga tukwanenku, har ke na gani kina buga murfi kamar mai kiɗan ƙwarya. Na ga mai rawani a kan duro. Maza na kuka a zauren nan, Saude, manya masu furfura. Sai aka nuno tsakar gida. Ya kama bakin ƙyallen ya fara warwarewa. Na ce yanzu za a yanke. Ba a yanke ba. Fuskarsa ta cika bango, har tabon nan na goshinsa.

Na fito na tsare Juwairiyya na ce je ki tambayi yayanki gyaran me ya yi. Ta dawo ta ce wai ya cire inda Mas'udu ya faɗi sunansa, ya cire inda aka nuna ƙofar gidanku da sunan layi. Gyaran ke nan. Wai ya ɗauka tsoronki kada a gane gidan ne. Na ce ke me kika ce masa ranar? Ta ce abin da na ji. Kuma gaskiyarta, na ji, ba ta ce a cire fuska ba. Ni ina jikin bango na ji ba ta faɗa ba, ban ɗaga murya ba.

Masu kaset na kasuwa sun riga sun karɓa suna bugawa. Ƙungiya ce ta ba su, wai a yaɗa ko'ina da masaƙa take. Gusau na ciki.

Zan kai wa Yelwa wannan da kaina yanzu.

Hafsatu

*

Gusau

Hafsatu,

Takardarki ta iso. Yelwa ya ce mai ya ƙare mashi a Funtuwa, ya kwana kwanaki a layin gidan mai da takardar cikin aljihu. Kaset ɗin bai jira mai ba, ya riga ta zuwa.

A gidan kallon bayan tasha aka fara sa shi. Yara suka fito suna bin yayan Anas a layi suna Mai rawani, Mai rawani. Mutane na tsayawa suna ba shi hannu. Mai shayi ya ƙi karɓar kuɗinshi. Anas ya ce har daɗi ya ji. Ni ban san komi ba, ina tasha ina juya waina, wata mata ta ce mani barka, ɗanki ya fita kunyar talaka. Na ce wane ɗa? Na bar tandar kan wuta na taho. Na sa Lami ta ce mashi ya koma ruga. Ya ce gobe kasuwar Tsafe, ya yi wa mai injin alkawari, in ya gama sai ya wuce daga can. Ta sake faɗa. Ya ce alkawari ne. Ina ɗaki ina ji. Ki ga yadda muke, ni da ke.

A gindin injin suka same shi, hannu duk baƙin mai. Mai injin ya ce ba su ma tambayi suna ba. Ɗaya ya kalle shi ya taɓa goshinshi ya ce wa ɗayan, shi ne. Ya roƙi su bari ya ɗaura bel ɗin da ya kwance, suka ƙi. Takalminshi ɗaya aka kawo mani.

Kin ce in kwantar da hankalina. Ke kika rubuta, yana nan, na aje. Da kin ce ban sani ba, da kin ce na kasa, da yanzu yana can saniya na watsa mashi nono. Ni na aika aka kira shi. Da bakina na aika.

Ba ni da sauran magana.

Saude

*

Kakuri
Bayan azumi, 1998

Saude 'yar'uwata,

Sallama. Wannan ta uku ke nan ban ga amsa ba, Yelwa ya ce kina karɓa ki sa ƙarƙashin tabarma. Ba komai. Ki karanta wannan ko don abin da ke ƙarshenta. Yaya Lami da jaririya? Yaya Anas?

Na yi wa yayan Juwairiyya magana.

Ranar da takardarki ta zo ya shigo da yamma, bai ji labari ba tukuna. Ya durƙusa inda ya saba. Na juyo na kalle shi. Na kira sunansa, wanda aka raɗa masa. Saude, sai da ya waiga baya, ya ɗauka wata ce ta shigo. Na ce shigo ka zauna. Ya shigo ya ce Inna wa ya rasu?

Na faɗa masa duka, tun daga takardarki ta farko. Na ce uwar Mas'udu ta roƙe ka, ta roƙe ni, ni na tsaya jin kunyarka. Ya riƙe kai. Ya ce Inna, ni saƙon da ya zo mini Gwaggo ba ta barci. Na ɗauka irin tsoron iyaye ne. Mas'udu kuma ya ce mini in na rufe masa fuska bai yafe ba. Da ke kika ce cire, wallahi ko kyamarar kika ce in jefa rijiya zan jefa. Na ce to ga shi na ce, sai ka jefa. Ya yi kuka kamar yaro. Ban taɓa ganin kukansa ba tun yana goye. Ban san yadda ake rarrashinsa ba, na zauna ina kallo.

Ba na faɗa miki don ki ce na kyauta. Magana ce da ta yi amfani a damina na faɗe ta da rani.

Ya samo lauya ta hannun ƙungiya, sun rubuta takardu, an ce su jira. Ya koma Jos ya yanke wurin daga uwar fim ɗin. Yana bin masu kaset shago shago yana karɓewa, wasu su ba shi, wasu su ce sun ƙare. Ya ce in ya gama tarawa zai haɗa da abin da ya yanke ya cinna musu wuta, kada ya sake ganin fuskar a ko'ina. Bai ɗauki kyamara ba tun ranar. Yana son ya zo Gusau ya durƙusa miki, yana tsoron ki ƙi fitowa.

Ga zane nan na takwara da ɗan sabulu. In kin ga dama ki mayar mini.

Hafsatu

*

Sabon Gari, Gusau
Damina, 1998

Hafsatu,

Wa'alaikumus salam. Muna nan. Jaririya ta yi haƙori biyu, tana rarrafe. Lami ta koma gidansu Karakkai da ita, nan ba abin da za ta ci. Anas ya tafi Legas bin wata mota. Ni kaɗai ce a gidan. An zo da manyan motoci an kwashe injunan masaƙa, wai an sayar. Masu zaman gindin dalbejiya suka tashi suka taya lodi don a ba su na abinci.

Takardunki duka na karanta. Zanen ban mayar ba, yana jikin yarinya.

Tun da aka yi canjin gwamnati rediyo ke faɗin an saki wane, an saki wane. Duk manya ne masu suna. Ina zama da rediyon har a gama, ko za a ce da sauransu. Lauyan Haliru ya zo sau ɗaya, mutumin kirki, ya ce matsalar ba wanda ya yarda yana hannunshi. Nan su ce Sakkwato, Sakkwato su ce Kaduna, wani ya ce mani in daina tambaya. Wani da aka sako ya ce ya taɓa kwana ɗaki ɗaya da wani dogo mai tari wanda ya iya gyaran famfo. Bai san sunanshi ba. Bai san inda aka kai shi ba.

Na yi yawo, Hafsatu. Duk ƙofar da na je sai a ce wa kike nema. Ranar farko na ce yayan Anas. Mutumin ya ce Hajiya nan ba gidan suna ba ne, faɗi sunanshi. Na faɗa. Ya ce ɗaga murya. Na ɗaga. Ya ce mi ye shi gare ki? Na ce ɗana ne. Yana cin gyaɗa, ko rubutawa bai yi ba. Abin da ban faɗa gaban uwata ba, ban faɗa gaban ubanshi ba, yanzu na faɗa wa kowane mai gadi tsakanin Gusau da Sakkwato. Shi kaɗai ne bai taɓa ji ba.

Jummai maƙwabciyata ɗanta na da bidiyo. Rannan aka kawo wuta ta ce in zo, ta kori yara, ta sa kaset ɗin ta fita ta ja mani ƙofa. Na zauna. Da ya fara warware ƙyallen na kai hannu zan ja mayafi, sai na tuna ba ya ganina. Na kalle shi. Ashe in zai faɗi magana mai nauyi sai ya ɗan lumshe ido ɗaya, kamar Baba. Ashe yana da wushirya. Hafsatu, ni na haife shi ban san yana da wushirya ba. Yana cewa ba sadaka muke nema ba, a buɗe mana mu yi aiki. Can bayanshi ana ganin labulen ɗakina yana motsi. Ni ce a ciki.

Na ce Jummai ta maido baya. Ta maido. Muna cikin na uku aka ɗauke wuta. Da na koma bayan kwana biyu ta ce wani ya zo daga Kaduna yana karɓar kaset ɗin, ɗanta ya ba shi, wai don a rufa mana asiri.

Ba ni da hotonshi. Na katin aiki yana aljihunshi suka tafi da shi. Yarinyar nan za ta tashi ta ce yaya ubana yake.

Ki ce wa Haliru ban ƙi ya zo ba. Amma kada ya ƙona. Abin da za su gani sun gani, ba sauran wanda za a ɓoye wa. Ya maida wurin yadda yake, da sunan da komi, ya aiko mani da guda, zan riƙa kaiwa gidan Jummai in an kawo wuta. Takardarki ta daɗe a ƙarƙashin tabarma kafin in buɗe, ban sani ba ko ya riga ya cinna. Yelwa ya ce yau ya samu mai, gobe yana Kaduna in Allah ya so.

In takardar nan ta iso ki tashi ki je inda yake, kada ki jira ya zo gaisuwa. Kada ki aiki kowa.

Saude